Wasiƙa: Yadda Ake Mayar Da Tsohuwar Randa Marmaro A Kwamin Tsakar Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ɗan sam mana fili a jaridarmu mai farin jini, mu yi magana da masu gidaje a kan wani ƙaramin aiki da yake cinye wa mutane kuɗi ba gaira ba dalili. Mu masu aikin famfo ne da gyaran lambu, a cikinmu kuma akwai mai kiwon kifi.

Ba wuya ka shiga gida ka tarar an gina ɗan kwami a tsakar gida ko bayan ɗaki an zuba kifi, ga kuma wata tsohuwar randa ko tukunyar fulawa ta siminti a yashe a lungu tana shan ƙura. Sai maigida ya ce a haɗa su, randar ta zama marmaro, ruwa yana fitowa ta bakinta yana komawa kwamin. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta fi ƙarfin mai ɗan aikin hannu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin mutane abin da ke ransu irin na shataletale ne ko ƙofar otal, ruwa yana tsartuwa sama. A ƙasa irin tamu, mai rana da iska da ƙurar hunturu da ɗauke wuta, shawararmu ita ce a bar ruwan ya cika randa ya malalo ta jikinta a hankali.

Ga dalili a lissafe. A ce kwaminka tsawonsa mita 2, faɗi mita 1.5, zurfi rabin mita. Ruwansa lita 1,500 ke nan, wato jarka 60 mai lita 25. Fuskar ruwan murabba'in mita 3 ce, don haka duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka, lita 30 ta tafi. A Maris da Afrilu rana da busasshiyar iska kaɗai sukan sha rabin santimita zuwa santimita guda kullum, ko da ba ka kunna komai ba. To idan ka ƙara da watsa ruwan sama ya zama yayyafi, iska ta kwashi rabonta ta zubar a bango, sai ka wayi gari kai ne babban kwastoman mai garuwa. Ruwan da ke bin jikin randa shi ma yana ƙafewa, amma bai kama ƙafar wancan ba, kuma ƙaramin injin tura ruwa ya ishe shi. Ƙa'idar da muke aiki da ita: ruwa yakan fantsama nesa gwargwadon tsayin da ya faɗo. Bakin randar da ya ɗara fuskar ruwa da santimita 60 yana son a bar masa kusan santimita 60 na ruwa ta kowane gefe. Kwamin da bai kai haka faɗi ba, a nemi gajeriyar tukunya, ko a kwantar da randar a kan gefenta a bakin kwami ta riƙa zubowa ciki kamar an tuntsurar da ita.

Ba kowane kayan ado ne ya dace ba. Tukunyar fulawa ta siminti ita ce mafi sauƙi, domin da hudarta a gindi tun daga wurin masu yi. Tsohon dutsen niƙa yana da kyau ƙwarai, ruwa yana shimfiɗuwa a kwarminsa, kuma ba sai an huda shi ba, sai a ɓoye tiyo a bayansa da duwatsu. Turmi a bar shi, itace ne, ruɓewa zai yi ya rina ruwan. Kayan ƙarfe tsatsa suke yi. Na tagulla da jan ƙarfe kuwa guba ne ga kifi, haka ma kwano mai ruwan tutiya. Abin da aka shafa wa fentin mai, fentin zai ɗaye ya toshe inji, kuma ba ka san abin da aka haɗa shi da shi ba, don haka ko dai a kankare shi tas ko a haƙura. Mutum-mutumin siminti irin na tsuntsu ko kifi, wanda dama gidaje da yawa ba sa ajiye shi saboda addini, akwai waya ko rodi a cikinsa. Bakin injin huda in ya ci karo da rodin sai ya kauce ya tsaga abin biyu. Idan ba da bututu aka zuba shi tun farko ba, a bi da tiyo ta bayansa kawai.

Sai randa, wadda ita muka fi so, ita kuma ta fi buƙatar lallami. Randar gargajiya a fili ake gasa ta da kara da itace, wutar ba ta kai ta narkar da yumɓun ya toshe ƙofofinsa ba. Shi ya sa take tsattsafo, shi ya sa kuma take sanyaya ruwan sha. Wannan halin da ya sa ta yi suna a ɗakin tsohuwa shi ne rauninta a kwami, domin in gindinta ya daɗe a nutse yakan yi laushi ya fara marmashewa. Daban take da tukwane masu ƙyalli da ake gasawa a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200, irin waɗanda aka san cibiyar ginin tukwane ta Suleja da su, inda Ladi Kwali, mai hoto a bayan naira 20, ta shiga aiki a 1954. Waɗancan ba sa tsattsafo, amma sun fi wuyar hudawa, kuma wanda ya mallaki irinsu, ko randar gadon kakarsa, don Allah kada ya kai mata injin huda. A sayi ta kasuwa. Kafin a biya kuɗi a ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Mai lafiya ƙara take yi garau, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take ko da ido bai ga tsagar ba.

Wurin huda ne ake yin asarar farko. A jiƙa gindin randar cikin ruwa kwana ɗaya. A kifa ta a kan tarin yashi mai laima, a cusa tsumma ko buhu a ciki ya tokare gindin, a manna tef a inda za a huda don kada bakin ya zame. A fara da ƙaramin bakin huda bango mai milimita 6, a bi da 10, a bi da 16, har a kai 22. Wanda ya samu baki mai zobe na huda tayil, zai yi ta a tashi ɗaya, kuma shi ya fi cin tukunya mai ƙyalli. Injin ya tafi a hankali, kada a danna, nauyinsa ya isa, wani kuma yana ɗiga ruwa a wurin. Tunda akwai ruwa a aikin, injin batir ya fi aminci. Abu mafi muhimmanci, a kashe bugun gudumar nan da ake kunnawa in za a huda kankare. Daƙiƙa biyu na wannan bugun sun isa su mayar da randa tsingaro. Idan bakin ya kusa ɓullewa sai a ƙara sassauta hannu, domin a nan ne yakan ɓantare faffaɗan ɓari daga ciki.

Bayan huda a bar ta a inuwa kwana uku ko huɗu ta bushe ƙayau, don gam ba ya kama yumɓu mai laima da kyau. Sannan a zura fayif ɗin roba na PVC mai milimita 20 ta hudar, ya leƙo ƙasa kamar santimita 8 inda za a ɗaura tiyo, a ciki kuma ya miƙe tsaye har ya rage santimita 3 zuwa 5 ya kai baki.

Wannan fayif na ciki mutane da yawa suna tsallake shi, su cusa tiyo a gindi su liƙe kurum, alhali shi ne ke hana ɓarna ranar da aka ɗauke wuta. Matsakaiciyar randa tana cin lita 60. Da zarar inji ya tsaya, in babu fayif ɗin, duk ruwan nan ta tiyo zai sulale ya koma kwami. A kwami mai fuskar murabba'in mita 3 ruwa zai tashi santimita 2, in dama a cike yake sai ya yi ambaliya. Wuta na dawowa inji ya sake ɗiban lita 60 ya cika randa, ruwan kwami ya sauka. A yi haka sau uku a yini, kana ta zuba ruwa kana zargin magini da yoyo. Da fayif a tsaye kuwa, ɗan abin da ke saman bakinsa ne kawai zai koma. Akwai masu sa bawul mai hana ruwa komawa baya a maimakonsa. Ba mu cika so ba, domin ƙaramin inji da ƙyar yake tura shi, kuma ganye ɗaya in ya maƙale a ciki ya gama aiki. Nisan bakin fayif daga saman ruwa shi ke yanke kamannin marmaron: in ya matso sama sai ruwa ya yi tozo yana ɓulɓula, in ya yi ƙasa sai fuskar ta kwanta luf kamar madubi. A bar fayif ɗin da ɗan tsawo, a riƙa ragewa da zarto har a samu yadda ake so.

Wajen liƙe hudar, a yi amfani da silikon na haɗa akwatin gilashin kifi, ko ifoksi mai kamar tuwo da ake murzawa a hannu. Silikon ɗin banɗaki da kicin akwai maganin kashe fumfuna a cikinsa, kuma yana cutar da kifi, don haka a karanta jikin kwalin. A shafa ciki da waje, a ba shi aƙalla awa 48. Cikin randar duka, da gindinta ta waje har inda ruwan kwami zai iya taɓawa, a shafe su sau biyu da ifoksi irin na tankin ruwan sha, a jira mako guda kafin ya haɗu da kifi. Kafaɗarta da wuyanta mukan bar su haka, don in ruwa ya jiƙa jan yumɓu launinsa ya fi kowane fenti, daga baya kuma gansakuka ta yi masa kore-kore. Gaskiyar magana, ko an yi duk wannan, randar gargajiya ba za ta yi ƙarkon ta siminti ba. Sai dai kuɗinta kaɗan ne, in ta gaji a sauya.

Gindin randa a zagaye yake, ba ta zama sai da gammo. A yanko zobe daga fayif mai inci 6 ko 8, tsayin santimita 10, a yi masa ƴar kafa a gefe inda tiyo zai fita ba tare da ya lanƙwashe ba. Zoben ya zauna a kan dakalin da aka jera da jan bulo gasasshe, tsayinsa ya kawo gindin randar daidai fuskar ruwa ko sama da ita kaɗan. A tuna da nauyi: lita 60 kilo 60 ce, ban da ita kanta randar. Idan kwamin na tamfol ne ko leda mai kauri, a shimfiɗa ragowar ledar ninki uku a ƙarƙashin bulon farko, in ba haka ba kaifinsa zai huda ta a hankali.

Mun ce jan bulo da gangan, don siminti yana da nasa sharrin, kuma shi ya fi kashe kifi a sabon aiki. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, ta tura ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa, sama, a ƙaramin ruwa har ya wuce 10, alhali tarwaɗa da karfasa tsakanin 6.5 da 8.5 suke jin daɗi. Ruwan zai kasance garau a ido, amma kifi ya riƙa goga jiki a bango, fatarsa ta yi fari-fari, ya daina cin abinci. Ƙari a kan haka, sinadarin amoniya da ke fita daga kashin kifi dafinsa yana ƙaruwa kusan ninki goma duk lokacin da pH ya hau mataki ɗaya. Don haka sabuwar tukunyar siminti, da sabon bulo, da ma faci da aka yi wa tsohuwa, duk sai an horar da su. A bar simintin ya cika kwana 28 da zubawa. A nutsa shi a diro ko babban baho, ana zubar da ruwan duk kwana biyu ko uku, har tsawon mako uku ko huɗu. Sai a sa sabon ruwa a bar shi kwana biyu a gwada da takardar awon pH, wadda ake samu wurin masu sayar da kayan kiwon kifi. In bai wuce 8.5 ba, ya horu. Tukunyar da ta shekara biyu tana shan ruwan damina a waje galibi ta riga ta huce, amma ita ma a gwada, takardar ba tsada. In a kwamin za a yi awo, a yi da sassafe, domin da la'asar gansakuka kan ɗaga ma'aunin ta ruɗe ka.

Yanzu inji. Ƙaramin na nutso ake nema, ƙanin sumo ɗin rijiyar burtsatse. A jikin kwalinsa akwai lambobi uku: wat ɗin da yake sha, lita nawa yake turawa a awa, da iyakar tsayin da yake kai ruwa. Mai shago wat zai nuna maka, mai saye kuma lita yake kallo, alhali ta ukun ce ke yanke hukunci. Injin da aka rubuta wa lita 1,000 a awa da tsayin mita 1, lita 1,000 ɗin nan a ƙasa yake ba da ita, babu hawa ko kaɗan. Yana kaiwa mita 1 ba ya ba da ko ɗigo. A santimita 70 kuwa ɗan tsiyaya za ka gani, kamar bakin buta. Tsayin daga fuskar ruwan kwami ake auna shi zuwa bakin randa, zurfin da injin yake zaune ba ya shiga lissafi, sai a ƙara kamar santimita 10 a kan kowace mita ta tiyo saboda gogayya. Abin da ya fito, a nemi injin da iyakar tsayinsa ya ninka shi sau biyu ko fiye. Ga randa mai baki santimita 25 zuwa 30 da ta ɗago santimita 60, muna son lita 600 zuwa 1,000 a awa ta iso bakin, wanda ke nufin injin lita 1,500 mai kai mita 1.5 zuwa 2.

Araha ba ta ado, kuma rubutun kwali ba wahayi ba ne. Kafin a liƙe komai, a jefa injin a baho, a ɗaga bakin tiyo daidai tsayin randar, a tara bokiti mai lita 10 ana duba agogo. In ya cika a daƙiƙa 45, lita 800 ke nan a awa, ya yi. In ya haura minti ɗaya da rabi, a mayar wa mai shago tun rasit bai jiƙe ba. Tiyon ya zama baƙi, mai faɗin ciki milimita 13 in ruwan bai wuce lita 1,000 ba, 19 in ya fi haka. Farin tiyo mai nuna ciki rana na ratsa shi, gansakuka ta tsiro a ciki ta shaƙe shi. A ɗaure bakunan biyu da kilif. A sa ɗan makunni tsakanin inji da randa don rage ƙarfi, ko da yaushe a ɓangaren fita. Wanda ya toshe ɓangaren shiga don ya rage ruwa, injin yake kashewa. Shi kuma injin a ɗora shi a kan bulo, santimita 10 daga ƙasan kwami, don kada ya zuƙi laka da yashi su cinye farfelarsa, kuma ko an samu yoyo kifi ya samu ɗan ruwan da zai rage masa.

Ranar kunnawa, abin da kusan kowa ke gani shi ne ruwa yana bin gefe ɗaya, sauran jikin randa a bushe. Hannu ne ya gina ta, bakinta ba daidai yake ba, don haka ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa ba zai gaya maka gaskiya duka ba. Ruwan da kansa ne ma'auni. A cika ta, a duba inda ya fara zuba, a cusa ɓallin tayil ko yankin roba a ƙarƙashin zoben ta wannan gefen, kaɗan-kaɗan. Tudun da ya ƙi, a goge shi da samfefa mai kaushi da ruwa. Busasshen yumɓu ma yakan sa ruwa ya yi hanya ɗaya, sai a shafe jikin duka da jiƙaƙƙen soso a jira minti goma kafin a yanke hukunci. Randa mai leɓe da ya fito waje sosai, ruwa daga leɓen yake ɗiga bai bi jiki ba. Wannan ya fi ƙara kuma ya fi fantsama. Mai son shiru ya zaɓi mai guntun leɓe, ko ya jera tsakuwa a gindi ta tare ɗigon.

Malam Edita, maganar wuta ba ta wasa ba ce, don wuta mai bolt 230 ce a cikin ruwan da yara ke tsoma hannu. Layin injin dole ya bi ta bireka mai yanke wuta in ta zurara, mai lamba 30mA, wanda ke da ɗan maɓallin gwaji a jikinsa, a riƙa danna shi duk wata. Kada a yi ƙarin waya da tef a kusa da kwami, soket ya zauna sama a cikin akwati mai murfi, waya ta bi cikin bututu. Duk wanda zai sa hannu a ruwa ya zare fulogi tukuna. Kuɗin wutar ba wani abu ba ne, injin wat 20 ko ya kwana yana aiki bai kai rabin yunit a yini ba, kusan yunit 14 a wata. Mu dai a gidan da ke da yara mun fi son injin bolt 12 da farantin sola mai wat 40 zuwa 50. Sai dai akwai tarko a nan. Farantin da ake kira na bolt 12 yakan ba da 18 a bakin aiki, ya haura 20 in babu kaya a kansa, kuma wannan ya isa ya ƙone injin da aka yi don 12 cif. A nemi wanda aka rubuta yana karɓar 12 zuwa 24, ko a sa na'urar daidaita wuta a tsakani. Sannan sola mara batir da faɗuwar rana yake tsayawa, alhali iskar da kifi ke shaƙa a ruwa gab da asuba ta fi ƙaranci. Mai kifi da yawa kada ya dogara da marmaron. In yana so ya kwana yana aiki, wat 20 na awa 12 yana neman batir mai amfiya 40 ko fiye, don ba a son a zuƙe batir ya wuce rabi.

Ruwa mai gudu ba ya yi wa sauro daɗin ƙwai, amma fayif ɗin nan da muka yaba yana da nasa aibin: in inji ya tsaya, randa tana nan cike da ruwa a kwance, babu kifi a ciki. A lokacin zafi mako guda zuwa kwana goma ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo, kuma sauron da ke kawo shawara da denge dama ruwan tukwane yake so. Saboda haka in inji ya lalace ko za a yi tafiya, kwana huɗu ne iyaka, a kwashe ruwan randar ko a ɗaure bakinta da yankin gidan sauro mara magani. Mun ce mara magani domin maganin da ke jikin gidan sauro, da na feshi, da fiya-fiya, kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe kifin kwami kaf. In za a yi feshi a gida a kashe inji a rufe kwamin. Sabulu ma haka, kada a wanke hannu ko kwano a ciki.

Tarwaɗa tana dagula ruwa, tana cinye ƙanana, kuma a daren ruwan sama takan fice, ga kashinta da ke toshe soson da ke tace ruwa a bakin inji cikin kwana biyu. Ga kwamin ado, ƴan karfasa kaɗan ko ƙananan kifin ado sun fi, suna kuma cin tsutsar sauro. Bado ba ya son ana watsa masa ruwa a ganye, a dasa shi a can ɗaya ƙarshen. Kainuwa tana ba da inuwa amma tana yaɗo da sauri, a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin fuska. Ciyawar kachalla kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun san abin da ta yi wa hanyoyin ruwansu.

Kulawar ba yawa. A wanke soson inji duk mako da ruwan kwamin, a hunturu sau biyu, a goge farantin sola ma. Duk wata a buɗe murfin gaba a zaro farfela a cire gashi da zare da suka naɗe ta. Injin da ke gurnani ba ya turo ruwa, galibi tsakuwa ce ta maƙale a nan, bai mutu ba. Abin da ke kashe shi da gaske shi ne aiki babu ruwa, don ruwan ne ke sanyaya shi. Ruwan burtsatse yakan bar farin dabbare a wuyan randa, buroshi ya isa. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana biyu a diro kafin a ƙara. Ganyen darbejiya da na mangwaro a tsame su kafin su nutse su ruɓe. Idan kuma ruwa yana raguwa fiye da ƙima, ruwa ba ya tsami banza, amma kada a fara da fasa kwami. A yi alama a bango, a ajiye bokitin ruwa a gefe shi ma da alama, a kashe inji kwana ɗaya a duba, a kunna kwana ɗaya a sake dubawa. In sun sauka daidai da bokiti, rana ce. In kwamin ya fi sauka inji yana kashe, yoyon gini ne. In sai an kunna yake sauka, fantsama ce ko tiyo ya kwance.

Gidan da ke da mai rarrafe ko ɗan tatata, ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka shi, kuma babu ihu, ga ƙarar marmaro tana jan yaro. A kewaye kwamin da shinge mai ƙofa, ko a shimfiɗa ragar rodi mai ɗaukar nauyin babba a samansa. Wanda bai damu da kifi ba, akwai hanya mafi sauƙi: a binne rabin diro na roba a ƙasa, inji a ciki, a shimfiɗa leda kewaye da bakinsa ta gangaro ciki, a rufe da ragar ƙarfe mai ƙarfi da ƙaramar raga a kanta, a zuba tsakuwa, randa ta zauna a tsakiya a kan dakalin bulo da ya taso daga cikin diron. Ruwa zai malalo ya ɓace cikin tsakuwa. A bar ƴar ƙofa a ragar inda hannu zai kai ga inji, kuma a riƙa auna ruwan diron da sanda duk kwana biyu a lokacin bazara, tunda ido ba ya ganinsa.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin famfo da gyaran lambu,
Kaduna.